Wasiƙa Zuwa Damagaram Kan Koya wa Ɗalibai Sharhi

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan'uwa na Damagaram. Mu ma nan Zariya sai godiya. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka game da yadda nake koya wa 'yan aji biyu na babbar sakandare rubuta sharhi a kan littafi ko waƙa ko fim, tun da kai ma an ɗora maka irin wannan nauyi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, yaran nan sun iya sharhi da baki tun kafin su shigo ajina. Idan ka tsaya kusa da su lokacin tara, za ka ji suna musu a kan fim ɗin da suka kalla a waya, wannan ya ce ƙarshensa bai yi ma'ana ba, wancan ya ce an cusa waƙa inda babu dalilinta. Amma da zarar ka miƙa musu takarda, sai duk wannan basira ta gudu. Mafi yawansu labarin za su sake ba ka daga farko har ƙarshe, sa'an nan su rufe da cewa marubucin ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Wasu kuma wa'azi suke yi, su ce fim ɗin ya dace da tarbiyya ko ya saɓa mata, kamar ma'aikatan hukumar tace finafinai ta Kano.

Da farko na ɗauka lalaci ne, daga baya na gane kunya ce. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya ɗaga ido gaban babba, ta yaya zai rubuta da hannunsa cewa dattijon da sunansa ke bangon littafi ya yi kuskure? A wurinsa magana a kan aikin wani iri biyu ce kawai, ko kirari ko zagi, shi kuwa ɗan mutunci ne, sai ya zaɓi kirari. Ban ga amfanin yaƙar wannan kunya ba, domin ni ma da ita aka raine ni. Abin da na yi shi ne na nuna musu cewa aikin muke dubawa, mutumin kuwa yana nan da girmansa, kamar yadda mace kan ce miyar yayarta gishiri ya yi yawa ba tare da zumunci ya ɓaci ba.

Ka san tsarin da muka taso a kansa, wato gadon feɗe waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero: jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Ina koyar da shi, kuma dole ne, domin a kan irinsa ake gina tambayoyin WAEC da NECO. Sai dai yaro yakan haddace matakan, ya ce jigon kowace waƙa faɗakarwa ne, ya ƙirga baitoci, ya nuna amsa-amo, ya ajiye biro. An feɗe ragon ke nan, amma ba a gaya mana ko mai kitse ne ko ramamme ba. Saboda haka na kafa musu doka ɗaya: duk hukuncin da ɗalibi ya yanke, sai ya bi shi da kalmar "domin", sa'an nan ya nuna mini shafi, ko ɗango, ko mintin da abin ya faru a fim. Na kuma hana ba da labari ya wuce layi uku.

Ranar da na tabbata abin ya fara kama su, Ruwan Bagaja muke karantawa. Na ba su tarihinsa a taƙaice, cewa Abubakar Imam ya rubuta shi ne don gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a nan Zariya, aka buga shi a 1934. Wata yarinya, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta rubuta cewa ita ba ta ga abin da Alhaji Imam, tauraron labarin, ya fi abokin hamayyarsa Malam Zurƙe da shi ba wajen makirci, domin kowannensu ya cuci ɗan'uwansa, sai dai mai karatu yana goyon bayan Alhaji ne saboda daga bakinsa ake jin labarin. Ta kuma kawo wurare biyu daga littafin. Aji ya ɗauki hayaniya, wani yaro har ya ce ta raina marubuci. Na ce masa ya buɗe littafin ya kawo hujjar da za ta rushe tata, ya yi ta juya shafi har aka kaɗa ƙararrawa. Wannan yarinya ta gano muhimmancin mai ba da labari da kanta, abin da ni sai a jami'a na ji shi.

Waƙar baka kuwa, ina ba ka shawara kada ka yarda su san ta a takarda kawai. Idan ka cire kalangu da 'yan amshi daga waƙar Shata, ko kotso daga ta Narambaɗa, rabin abin da za a yi sharhi a kansa ya tafi. Ƙaramar sifika nake kawowa daga gida, mu saurara sau biyu kafin kowa ya taɓa biro.

Inda har yanzu nake fama shi ne duba rubutun, domin ajin ya haura mutum sittin, sharhi kuwa ba a yi masa maki da sauri kamar lissafi. Yanzu nakan sa su musanya takardu, kowa ya ja layi a ƙarƙashin hukuncin da ba shi da "domin" kafin su iso gare ni.

Idan naka sun fara rubutawa, don Allah ka ɗauki hoton guda biyu ko uku ka turo mini, in ba nawa su yi musu sharhi. A gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Wassalam,
Naka amini.