Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Gwamna: dokar fasta ta talaka ce kaɗai?

Assalamu alaikum Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe. Ya aiki, ya jama'a? Allah ya taya ka riƙo.

Ni tela ne, shagona yana bakin titi kusa da shataletale, kuma abin da ya sa na ɗauki waya na zauna rubutu maimakon in taka keke shi ne maganar fastocin 'yan siyasa da allunan kamfen da suka cika mana gari.

Watannin baya 'yan hukumar kula da allunan talla suka zo da mota, suka ciro ɗan allon da na rataye a saman ƙofata, allon da bai wuce kamu biyu ba, sunan shago ne kawai da hoton almakashi, wai ban biya kuɗin shekara ba. Na bi su har ofis, na biya kuɗin na biya tara, aka ba ni rasit, aka dawo min da allona ya lanƙwashe a kusurwa. Ban yi musu ba wallahi, na ce doka ce. To ranka ya daɗe, wannan bangon da aka cire allona a jikinsa, yanzu haka da nake rubutun nan fastoci ne hawa kan hawa, ko fentin da na yi da kuɗina ba a gani. Da daddare yaran suke zuwa da bokitin sitaci da tsintsiya, su shafe bango su manna, da safe in zo in tarar fuskar wani tana min murmushi a kan tagata, sitacin ya yi tsami ƙudaje sun taru, awaki na jan na ƙasa suna ci. In na kankare kuma fenti ya biyo takarda. Waye ya biya kuɗin wannan? Rasit ɗinsa yana ina?

Kuma ba kowace fasta ce ke kwana ba fa, nan ne abin ya fi min ciwo. In ta 'yan adawa ce, kafin azahar an zo da tsani an yage, an ce ba su da izini. In kuwa hotonka na gefe, ko da mai fastar kansila yake nema, sai ta shekara rana ce kawai za ta koɗar da ita. Gadar sama, falwayoyin wuta, katangar firamare, har allon da ke nuna wa baƙo hanyar asibiti an liƙe shi. Wato dai hukumar tana gani sarai, ido ɗaya ne take rufewa. Wanzami ba ya son jarfa.

Ka fi ni sanin dokar zaɓe ta 2022 wadda da ita ka ci zaɓe. Sashe na 94 ya ce kamfen a bainar jama'a yana farawa ne saura kwana 150 zaɓe, a rufe saura awa 24, shi ya sa na 'yan takarar gwamna bai fara ba sai 12 ga Oktoban 2022. Sashe na 92 ya hana kamfen a wuraren ibada da ofisoshin 'yan sanda da na gwamnati, na 95 kuma ya ce kar a yi amfani da kayan gwamnati wajen fifita wani ɗan takara. Amma mu a nan dabara aka samo, sai a buga ƙatuwar bana a rubuta barka da Sallah ko murnar zagayowar ranar haihuwa, ga tambarin jam'iyya a ƙasa, wai gaisuwa ce. Madalla da wannan zumunci, ashe haka kuke ƙaunarmu ba mu sani ba.

Ka tuna ranar da ka zo unguwarmu neman ƙuri'a? Lokacin kai ne ake yage wa fasta, kana tsaye a saman mota kana kukan an hana ka allo a garinku, ka yi alkawarin in ka hau kowa zai samu fili daidai da kowa. Ina wurin, har hula na yar a turmutsutsu.

Tsorona kar mu bi sahun wasu jihohin da suka mai da kuɗin allo shingen hana takara. A Anambra a 2022 miliyan 10 aka yanka wa ɗan takarar shugaban ƙasa kafin ya kafa allo, sanata miliyan 7, da zaɓen gwamnansu na 2025 ya zo aka ce miliyan 50. A Ribas a 2022, lokacin Wike yana gwamna, ya sa miliyan 5 ga duk wanda zai yi taron kamfen a filin makarantar gwamnati. Mai mulki ko a jikinsa, amma malamin makaranta da unguwa ta yi masa karo-karo ya fito takarar majalisar jiha fa, ina zai samo? Ga shi kuma kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ƙananan hukumomi ya ba wa kula da tallan waje, yadda aka yi kuɗin ya koma hannun jiha wannan ma zance ne na wata rana.

Don Allah ranka ya daɗe, ba mu ce a hana fasta ba, masu buga ta da yaran da ke mannawa duk abinci suke nema. A fito da farashi a rubuce a karanta a rediyo kowa ya ji, kuma a sa shi yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya. A ware wuraren mannawa, a bar mana bangwayenmu sai da izininmu. Kowace jam'iyya ta ajiye kuɗin shara kafin ta manna ko ɗaya, in ba ta kwashe kayanta bayan zaɓe ba a yi aikin da kuɗinta, don har yanzu akwai ragowar fastocin 2023 a ƙarƙashin sababbin. In kuma za a fara cirewa, a fara da naka da ke shataletalen nan, ni zan ba da aron tsani.

Rasit ɗina yana nan na ajiye a cikin akwatin keke, duk ranar da aka turo wani zan nuna masa shi, in nuna masa bangon.

Naka,
Wani tela daga cikin talakawanka