Wasiƙa daga Garwa: maganar idon Inna, da naka

Garwa, cikin hunturu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da kuma harkokin kasuwa a Yawunde. Mu nan sai godiyar Allah. Hazo ya sauka sosai bana, da safe idan ka tsaya kan gadar Binuwai da ƙyar kake hango ƙetare. Hajiya mahaifiyata tana gaishe ka, ɗana takwaranka ma ya ce lallai in faɗa maka ya kai izu 10.

Na rubuto ne maimakon in kira ka, domin maganar tana da tsawo, kuma ina so ka karanta ta bayan isha'i, lokacin da ba mai saye a gabanka.

Jiya na je gaishe da Inna, mahaifiyarka. Da na yi sallama ta amsa, amma fuskarta na kallon wajen da ba nan nake tsaye ba, sai da na matso na durƙusa. Ta ce wata 3 ke nan ba ta iya tsince shinkafa, gidan suna ma sai da mai riƙe mata hannu, kuma ita ce ta hana a gaya maka don kada hankalinka ya tashi. Na fito da ita hasken tsakar gida na duba. Tsakiyar baƙin idon ya yi fari kamar an ɗiga nono, na dama ya fi tsanani. Ni ba likita ba ne, amma irin yanar da Hajiya ta yi ce sak. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da ƙanwarka ta gaya mini a zaure: wani mai magani ya sauka a unguwar, irin masu bin gari-gari suna cire yana da tsinke, har an fara maganar kuɗi da shi.

Don girman Allah kada ka yarda. Yana ba fata ba ce da ta rufe ido daga waje. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi, girmansa kamar ƙwayar wake, shi ke tattara haske. Idan shekaru suka ja sai ya dushe ya yi fari. Mai tsinke ba ya fitar da shi, turawa yake yi ya faɗa can cikin ido. Haske ya shigo nan take, tsohuwa ta ce ta ga hannunta, a yi guɗa, a biya shi, ya ƙara gaba. Bayan kwanaki ido ya kumbura, ko ƙwayar cuta ta shiga, wani ma idon ya mutu ɗungurungum. Ko wanda ya tsira ba ya gani garau, tunda ba a mayar masa da wani madubi ba. Kai ma ka san tsofaffi a Yelwa da aka yi wa haka, ka san yadda suka ƙare.

Hajiya kuwa a asibiti aka yi mata, bara bayan ƙaramar salla. Allura aka yi mata a gefen ido don kada ta ji zafi, ba a ma sa ta barci ba. Aikin bai kai rabin awa ba. Suka cire madubin da ya mutu, suka sa na roba a gurbinsa, suka rufe idon da auduga. Washegari da aka buɗe, ni ne a gabanta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ashe haka ka yi furfura?" Shekara 2 ba ta ga fuskata ba. Na fita waje na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu da kanta take zura zare a allura idan ta sa tabarau. Kuma maganar da mutane ke yi cewa sai yana ta nuna, sai mutum ya daina gani gaba ɗaya kafin a taɓa, likitan ya ce ba haka ba ne: duk ranar da ta hana mutum harkokinsa, lokacin aiki ya yi.

To yanzu ga abin da ya shafe ka kai kanka, kuma shi ne nauyin da ke zuciyata.

Ranar da muka koma a duba Hajiya, ma'aikaciyar ɗakin ido ta tambaye ni shekaruna. Na ce 47. Ta ce an taɓa auna mini ido? Na ce lafiyata ƙalau, ɗinki nake yi, har aikin wuyan riga. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Ta ɗiga mini magani, ta auna ƙarfin ruwan cikin idon, likita kuma ya haska ya duba jijiyar gani. Ya ce awon yawancin mutane tsakanin 10 ne zuwa 21, nawa ya haura, kuma jijiyar idon hagu ta fara cinyewa. Gilakoma ke nan, wadda ake ce wa hawan jinin ido, ko da yake ba ita ce hawan jinin jiki ba. Ido yana yin wani ruwa a cikinsa kullum, yana kuma fitar da shi ta wata 'yar magudana. Idan magudanar ta cushe sai ruwan ya taru yana danne jijiya a hankali. Irin wadda ta fi yawa a cikinmu ba ta ciwo, ba ta sa ido ja, ba ta ƙaiƙayi. Daga gefe take fara cin gani, tsakiya na nan garau, shi ya sa mutum zai yi shekaru yana karatu yana ƙirga kuɗi bai san komai ba. Abin da ta ci kuma ya tafi ke nan. Yana ana cirewa gani ya dawo, wannan sai dai a tsare abin da ya rage. Yanzu kullum ina ɗiga magani, in runtse ido in danne kusurwar da ke kusa da hanci na ɗan lokaci. Haka zan yi har ƙarshen raina, ko kuma a yi mini aiki idan maganin ya gaza.

Da likitan ya ce cutar tana bin jini, kuma ta fi kama baƙar fata da wuri, wallahi Baba mahaifinka ne ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa. Ka tuna yadda ya riƙa tuntuɓe da buta a bakin masallaci, yana karo da ƙyauren shago, alhali idonsa ba fari ba komai? Ka tuna mutum zai tsaya a gefensa bai sani ba sai ya yi magana? Muka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu. Ba zan rantse cewa ita ce ba, tunda ba a auna shi ba, amma duk alamun da aka lissafa mini na gan su a jikinsa. Kai ɗansa ne na fari, sa'ana ne kai, ga ciwon suga da ka ce an same ka da shi. Suga ma da kansa yana lalata ƙananan hanyoyin jini na bayan ido ba tare da mutum ya ji ba, shi ya sa ake so mai shi ya je a duba masa ido sau 1 kowace shekara ko da yana gani lafiya. Yawunde ba ta rasa likitocin ido ba. Ka je ka ce a auna maka ƙarfin ruwan ido, a ɗiga maganin da ke buɗe baƙin ido a duba jijiya da bayan idon. Ka tafi da wani, ko ka hau tasi, domin gani yana yin dishi-dishi na 'yan awoyi bayan maganin. Ka gaya wa ƙannenka su ma. Kuma kada ka ce ai ka sayi tabarau a tire kana karatu da shi. Wannan na shekaru ne kawai, kusan kowa yana bukatarsa da ya wuce 40, ba ya gaya maka komai game da jijiya.

Bayan nawa sai na kwashi gidan gaba ɗaya na kai su. Takwaranka ne ya fi ba ni tausayi. Shekara 2 ana ce mini ba ya mai da hankali a makaranta, ni ma na sha yi masa faɗa, Allah ya yafe mini. Ashe daga bencinsa na baya ba ya ganin abin da ke kan allo, kwafa yake yi daga littafin na kusa da shi. Yaro ba zai ce maka ba ya gani ba, domin yana zaton kowa haka yake gani. Ranar da ya sa tabarau muna kan kilando, babur ɗin haya, za mu gida, sai karanta mini allunan shaguna yake yi ɗaya bayan ɗaya har muka iso. Uwarsa ta so ta hana, wai gilashi yana ƙara kashe ido. Ba ya kashewa. Ka lura da naka: mai matse ido idan zai kalli nesa, mai manna fuska a littafi ko waya, mai yawan ciwon kai bayan makaranta. Wanda ke da harara-garke kuma a kai shi tun kafin ya kai shekara 7, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, idan aka bari idon da ya karkace yakan saba da rashin aiki.

Tunda maiɗakinka ta kusa sauka, Allah ya raba lafiya, ka gaya mata abu 2. Idan idon jariri ya kumbura yana fitar da mugunya a makonnin farko, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗiga nono. Idan kuma aka ga wani fari yana ƙyalli a tsakiyar baƙin idonsa, ko a hoton waya ne, shi ma ba abin jira ba ne. Mu mun daina sa wa jarirai kwalli, domin wani tozalin akwai darma a cikinsa. Allurar ƙyanda ta wata 9 da ɗigon bitamin A da ake ba yara duk wata 6 har su kai shekara 5, kada su wuce ku. Su ne suka rage dundumi da makantar ƙyanda da muka taso muna gani.

Afolo ma ta zaga unguwarmu kwanan baya. Nan na ga ana zuba ruwan suga, ruwan albasa, har da abin da ba zan rubuta ba. Wasu kuma suna sayen maganin ɗigawa wajen masu talla, alhali wani irinsa idan aka daɗe ana sawa shi kansa yana hawar da ruwan ido. Ruwa mai tsabta, wanke hannu da sabulu, kowa da tawul ɗinsa, in ta ƙi sauƙi ko gani ya ragu a tafi asibiti. Ni abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne na ga sauyi da idona. Can wajen Tuboro, inda baƙin ƙudan rafi ya makantar da magidanta da yawa a da, ana raba Mectizan kowace shekara, maganin da kamfanin Merck ke bayarwa kyauta tun 1987. Wajen Mora da Kolofata kuma an yi ta raba maganin amodari gida-gida, ana yi wa masu gashin ido da ya juya ciki aiki. Waɗancan an bi mutane da magani har ƙofar gida. Irin tawa da nake jin tsoron kana da ita, ba mai biyo ka da ita, sai ka kai kanka.

Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan rufe shago in je in ɗauki Inna da sassafe. Maganar kuɗi kada ta dame ka yanzu, zan fara biya, ma yi lissafi daga baya. Hajiya ta ce za ta raka mu don ta kwantar mata da hankali, ka san maganar tsohuwa tsohuwa ke ji. Amma Inna ta ce ba za ta taka ko'ina ba sai ta ji daga bakinka. Ka kira ta kafin Juma'a, ka kuma ce wa ƙanwarka ta sallami mutumin nan. In ka je naka awon, ka turo mini hoton takardar in gani.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, da duk mutanen Garwa da ke nan wajenku.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Yelwa