Me ya sa muke raina Yankari?

Edita, assalamu alaikum, don Allah a ba ni ɗan fili.

Kullum sai ka ji masu hali suna zancen zuwa Kenya ko Serengeti ta Tanzaniya kallon namun daji, alhali ga Yankari nan a Bauchi, tun 1962 aka buɗe wa jama'a shi. Bara da rani muka je ni da yara, ta hanyar Jos muka bi, wallahi har yau abin bai bar raina ba, giwaye suka tsallaka gaban motarmu a hankali uwa na tura ɗanta da hanci, direba ya kashe inji kowa ya yi tsit. Ga ruwan Wikki, ɗumi kamar an sirka maka na wanka, garai-garai har yashin ƙasa kake gani. Gwaggon biri ma ya fizge wa autata burodi.

Abin da ke min ciwo shi ne dajin Kamuku na Birnin Gwari, a jiharmu yake amma rashin tsaro ya hana mu leƙawa. Hukumomi a dube shi don Allah, makarantun Zariya kuma su riƙa kai ɗalibai Yankari lokacin hutu.

Naka,
mai karatu daga Tudun Wada, Zariya