A Duba Albashin Likitoci Masu Neman Ƙwarewa

Ranka ya daɗe Edita,

Ƙanena ya shekara 6 yana karatun likita, yanzu yana aikin horo a wani asibitin gwamnati. Jiya na kai masa tuwo, na tarar yana gyangyaɗi a benci, kwana biyu bai runtsa ba, ga albashin wata uku shiru. Ni mai sayar da atamfa nake ba shi kuɗin mota!

Har 2021 alawus ɗin haɗarin aiki naira 5,000 ne a wata, ga Lassa ga korona. An ƙara, amma cire tallafin fetur a 2023 ya lashe ƙarin. In NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, ta shiga yajin aiki a ce ba su da tausayi. Yanzu zancen ƙanen nawa kullum tafiya Ingila, Hajiyarmu kuwa ko jin maganar ba ta so.

Naka,
Wani ɗan kasuwa, Kano