Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Albarkatun Ruwa Kan Bayanan Kogin Haɗeja

Ranka ya daɗe, barka da ƙoƙari.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isa Haɗeja, Nguru da Gashuwa ya rataya sosai a kan wanda ke buɗe ƙofar dam. Duk da haka, sau da yawa manomin shinkafa a Auyo ko Guri ba ya sanin an saki ruwa sai ya wayi gari ya tarar da shi a gonarsa.

Abin da ke ci min rai shi ne bayanan suna nan. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na auna ruwan sama. Hukumar lura da yanayin ruwa ta ƙasa, NIHSA, na bin hawa da saukar koguna. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are na da lissafin abin da ake saki, masana a Jami'ar Bayero kuma na nazarin ƙasa da noman rani. Sai dai kowa ya rungume nasa. Mai karanta sandar awo a gindin gada yakan fito da sassafe ya rubuta tsayin ruwa a littafinsa, amma wannan lambar kan yi shekaru ba ta sadu da lissafin ruwan saman da aka yi a Kano ba. To yaya mai bincike zai gane dalilin da ya sa ciyawar kachala ta toshe mashigar Marma, wani reshen kogin Haɗeja, har tsuntsaye jan-baki suka samu mafaka a cikinta suna cinye hatsin mutane? Yaya za a rage ɓarna irin ta ambaliyar 2022 a Jigawa?

Roƙona, ranka ya daɗe, ka sa a kafa rumbun bayanai guda na wannan kwari baki ɗaya, a kan intanet, kyauta ga kowa, kowace hukuma na zuba nata da ma'auni iri ɗaya. A kwafe tsofaffin littattafan awo a kwamfuta kafin gara ta gama da su, a kuma riƙa biyan masu awon haƙƙinsu a kan kari, don da su abin zai tsaya. A jawo Nijar ciki, tunda Komadugu Yobe, kogin da ruwan Haɗeja ke shiga, ita ce iyakarmu da su ta wajen Diffa. Sannan duk ranar da za a buɗe Tiga, gidajen rediyo su sanar da Hausa, Kanuri da Fulatanci kwanaki kafin ruwan ya iso.

Na gode, a huta lafiya.

Wani malamin gona daga kwarin Haɗeja