Gwajin jini kafin aure: a yi shi tun kafin a sa rana

Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a watan Mayun 2024. Dokar ta hana a ɗaura aure a jihar Kano sai an kawo shaidar gwajin jinotayif, wato nau'in jinin da mutum ya gada daga iyayensa, da na ƙanjamau, da na ciwon hanta nau'in B da C. Mu ma'aikatan lafiya mun yi na'am da ita. Ƙasa kamar Najeriya, da ake ƙiyasin ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar S mai haddasa sikila, ba ta da hujjar ɗaura aure ido rufe. Sai dai a cikin gari gwajin ya fara komawa wata 'yar takarda da ake miƙa wa liman kamar rasit.

Babbar ɓarakar ita ce lokacin da ake zuwa. Ɗaurin aure Juma'a bayan an sakko daga masallaci, ango da amarya kuma sai ranar Laraba za su shigo ɗakin gwaji. An kai lefe, an raba kati, ƙawaye sun ɗinka anko, uban yarinya ya ci bashi ya yi kayan ɗaki, wataƙila ma an gama jere. Sai sakamako ya fito AS da AS, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar S. Wace nasiha za ta shiga kunnensu a wannan ranar? Abin da ke biyo baya sananne ne: a tafi wani ɗakin gwajin, daga nan a tafi na uku, har a dace da inda takarda za ta fito da AA, ko a samu wanda za a ce wa "a taimaka a gyara". Lokacin gwajin jinotayif shi ne farkon magana, da zarar yaro ya ce zai turo manya, kafin kuɗin gaisuwa ya shiga tsakani. A lokacin in aka rabu, babu wanda ya sani sai mutum uku ko huɗu.

Ko lissafin ma mutane da yawa ba su riƙe shi daidai ba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila, biyu cikin huɗu AS, ɗaya AA. Ana yawan jin wasu na cewa ai haihuwa ta huɗu ce ke zuwa da sikila, don haka za su tsaya a uku. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ba ruwansa da na baya. Ɗan fari na iya zuwa da ita, na biyu ma ya biyo shi. In AS ya auri SS, rabi da rabi ne. In AA ya auri SS, 'ya'yan duka AS za su zama, ba mai ciwo a cikinsu, kuma wannan ya kamata a riƙa faɗa da ƙarfi domin masu sikila da yawa sun ɗauka an rufe musu ƙofar aure. Akwai kuma AC, mai ɗauke da wata ƙwayar da ake kira C, wanda in ya haɗu da AS zai iya ba da SC, shi ma nau'in sikila ne. Sannan rukunin jini, wato A da B da AB da O, abu ne daban. Wanda ya ce "ni O ne, ba ni da matsala" bai amsa tambayar da aka yi masa ba.

Sai ingancin gwajin kansa. Akwai gwaji mai arha wanda ake ɗiga jini a gilashi, a zuba masa sinadari, a duba ko ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Abin da kawai yake nunawa shi ne akwai S a jinin. Ba ya bambance AS da SS, kuma ba ya ganin C ko kaɗan. Gwajin da ya kamata shi ne wanda ake rarrabe nau'o'in jinin da lantarki a kan wata takarda ta musamman, kowane nau'i ya tsaya a layinsa. Shi ma sai an jera shi da samfurin da aka riga aka san nau'insa don a kwatanta. In ruwan sinadarin ya tsufa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko aka cire takardar da wuri don masu jira sun yi yawa, layukan sai su cakuɗe, mai karantawa ya yi hasashe. Daga nan ake samun mutum ɗaya da takardu biyu masu karo da juna. Kuma duk wanda aka yi wa ƙarin jini a 'yan watannin nan, ya jira wata uku zuwa huɗu, domin jajayen ƙwayoyin da aka sa masa suna rayuwa har wajen kwana 120. Mai SS da aka ƙara wa jinin AA zai iya fitowa AS a takarda. Tambaya ce ta daƙiƙa biyar, amma ba kowane ɗakin gwaji ke yin ta ba.

Gwajin ƙanjamau kuwa yana da nasa sharaɗin. Wanda ya kamu kwanan nan, gwajin gaggawa na iya ƙin nunawa har zuwa wata uku. Saboda haka a yi shi tare da jinotayif a farko, a maimaita gab da biki. In kuma ya nuna akwai, ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an tabbatar da wani kayan gwajin daban.

Inda muka fi jin nauyi shi ne batun sirri. Wa ya kamata ya ga sakamakon? A yanzu takarda na bi ta hannun wakilin ango, ta je ga waliyyi, ta je ga liman, wani lokaci a buɗe ta a gaban jama'a. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya amana ne, haka dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau, ita ma ta 2014, ita ma dokar Kanon ta hana nuna wariya. A ganinmu liman ba ya buƙatar sanin abin da ke cikin jinin kowa. Ya ishe shi ya ga shaidar cewa an gwada su, an zaunar da su, kowanne ya san matsayin ɗan'uwansa kuma ya yarda. Mace ce ta fi shan wahalar tonon asiri: namiji ya fasa ya nemi wata, ita kuwa labarinta ya gama unguwa kafin la'asar.

Bayan haka, ba kowane sakamako ne ke kashe aure ba. Mai ƙanjamau da ke shan magani kullum har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Ciwon hanta na B yana da rigakafi, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida, jariri kuma a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Na C ana warkewa da ƙwayoyi na kimanin mako 12. Mai ƙara aure da aka samu yana da B, kada a tsaya kan amarya kaɗai. Uwargida da 'ya'yanta su ne suka fi daɗewa tare da shi, su ma a gwada su.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Lafiya shi ne ta fitar da sunayen ɗakunan gwajin da ta amince da su, a manna a masallatan Juma'a, a sa hoton mai gwaji a jikin takarda, a kuma ɗebi jinin mutum bayan an ga katin shaidarsa, domin turo ƙani ko aboki ya ba da jini a madadin ango ba sabon abu ba ne. Tunda jinotayif ba ya canjawa har mutum ya koma ga Allah, babu dalilin jira sai aure ya taso. A gwada 'yan aji uku na ƙaramar sakandare sau ɗaya, da izinin iyayensu, a maimaita duk wanda sakamakonsa ya zo da shakku a babban asibiti kamar na Murtala ko na Malam Aminu Kano, a ba kowane yaro katinsa ya kai gida a ajiye masa tare da takardar haihuwa.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan ɗakin gwajin jini,
Birnin Kano.