Amsa ga Alhajin da ya ce kwangila nake nema

Alhaji, ranka ya daɗe.

A wurin taro a Katsina ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: tunda na nace sai an mai da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa gidan tarihi, wa ya yi mini alkawarin kwangilar? Ka ƙara da cewa talaka hatsi yake nema, ni kuwa tsatsa nake nema. Aka yi dariya.

Maganar hatsi na bar maka. Ban san ranar da ka fara jin yunwar talaka ba. Kwangilar ce ta yi mini zafi. Malamin makaranta ne ni har na yi ritaya, ɗalibaina sun cika garin nan, a tambaye su ko na taɓa karɓar kuɗin alli. A cikinmu biyu, an san wanda ya san farashin buhun siminti a takarda da farashinsa a kasuwa.

Me na roƙa? Ɗaki ɗaya da ƙofa mai kwaɗo. Layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya kai shekarun da ya kai, tun 1929 aka buɗe shi, ta nan audugar Funtuwa da gyaɗa suka riƙa gangarawa kudu a tarago. Akwai tsofaffin 'yan reluwe da ke raye. Na shiga ɗakin ɗayansu, ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya nuna mini fitilar hannu mai gilashi ja da kore da usur ɗinsa a naɗe cikin tsumma. Ranar da ya faɗi, 'yan gwangwan za su auna su a kilo.

Kuma ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Ginin Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yau gidan tarihi ne. Da an bi shawara irin taka, da tuni an yanka filin shaguna.

Tun da aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina, ku ne kan gaba wajen ɗaukar hoto da hular kwano. Sabon dogo akwai rabo a ciki, shi ya sa yake da dangi. Idan filin tashar ne ya tsone maka ido, Alhaji, ka faɗa a taro na gaba, zan zo.

Naka,
wani malami mai ritaya, Katsina